Tsabar Zinaren Amurka ta 1933 da Ake Yawo da Ita

Kwanan baya wani ɗan'uwana ya shigo gidana jikinsa na rawa, ya kwance ƙullin hankici ya ce, "Yaya, duba abin da Allah ya kawo." Tsabar kuɗi ce mai ƙyalli. A fuskarta mace ce riƙe da fitila da reshen zaitun, a bayanta mikiya tana shawagi, ga shekarar 1933 a rubuce. Wai wani ne matsi ya kama, zai sayar da arha, har ɗan'uwan nawa ya ba da kafin alƙalami. Shi ne na uku da ya zo mini da irin wannan zance, kuma wallahi abin ya ishe ni.

Tsabar dala ashirin ce ta Amurka, wadda mai sassaƙa Augustus Saint-Gaudens ya tsara, aka buga daga 1907 zuwa 1933. Labarin da 'yan damfara ke kafa hujja da shi gaskiya ne: a 2021 an yi gwanjon ta 1933 guda ɗaya a New York kan dala miliyan 18.9. Sai dai rabin labarin suke ba ka. An buga guda 445,500 a waccan shekarar, amma kafin a sake su Shugaba Franklin Roosevelt ya ba da umarnin jama'a su miƙa zinarensu ga gwamnati, aka narkar da kusan dukkansu. 'Yan ƙalilan da suka sulale waje, gwamnati ta ɗauke su kayan sata, tana ƙwacewa duk inda ta gan su. Ɗaya tak doka ta yarda mutum ya mallaka, wadda ake cewa ta taɓa zama a taskar Sarki Faruk na Masar, ita ce kuma aka sayar ɗin nan. To ta ina ta biyu za ta faɗo cikin hankicin wani a tasha? Ko da ma ta gaske ce, ba ka da kasuwar kai ta. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala.

Ba 1933 kaɗai ba, kowace tsaba aka kawo maka, fara da sikeli. Dala ashirin ta gaske giram 33.4 ce, faɗinta milimita 34, kashi 90 cikin 100 zinare, sauran jan ƙarfe. Ta ɗan'uwana da muka kai wa mai zinare a kasuwa ko giram 20 ba ta kai ba, tagulla ce aka shafa wa ruwan zinare. Kara mata maganaɗisu. In ta manne, magana ta ƙare. In ba ta manne ba kada ka yi murna, tagulla ma ba ta mannewa. Sannan ka duba da gilashin ƙara girma: tun 1973 dokar Amurka ta wajabta buga kalmar COPY a jikin kwaikwayon da ake sayarwa don ado, kuma macuta kan goge ta, sai wurin ya bar tabo. Akwai ma jabun da aka ƙera da zinare na gaske, waɗanda sikeli ba ya kamawa. Irin waɗannan sai ƙwararrun kamfanoni kamar PCGS da NGC, masu tantance tsaba su ba ta maki daga 1 zuwa 70.

Tsufa kaɗai ba ya ba ta tsada. Yawancin na gaske kuɗinsu bai fi na zinaren jikinsu da yawa ba. Ƙaranci da lafiyar jiki ne ke ɗaga farashi, har da ɗan harafin da ke nuna inda aka buga, kamar CC na Carson City. In ka gaji ta gaske, kada ka goge ta da toka ko lemun tsami, darajarta kake kankarewa.

Don Allah, kada ka miƙa ko sisi kafin a ɗora ta a sikeli a gabanka, kuma kai za ka zaɓi mai awon.