Kafa Kwandon Setilayit a Bangon Gida a Kankiya da Kusada

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Katsina ya ratsa Kankiya, ko ya karkata zuwa Kusada, zai ga kwandunan setilayit, waɗanda aka fi kira dish, maƙale a jikin katangu, akasarinsu suna duban gabas maso kudu. Dalili kuwa shi ne taurarin ɗan Adam da ke watso shirye-shiryen talabijin suna shawagi ne a saman layin da ya raba duniya biyu, a nisan kilomita 35,786, inda tafiyarsu ta yi daidai da juyawar duniya, har mai kallo daga ƙasa ya ga kamar a tsaye suke cak. Da yake ƙasar Kankiya tana wajen digiri 12 arewa da wannan layi, kuma taurari irin su Eutelsat da ke digiri 36 gabas da NigComSat-1R da aka harba a 2011 suna gabashinta, tilas kwando ya fuskanci can.

Nan ne matsalar take, domin daga gabas ɗin guguwar farkon damina take tasowa, ga shi kuwa gocewar kwando da digiri biyu ko uku ta isa ta ɗauke hoto. Saboda haka ingancin aikin ya dogara ga bango fiye da dikoda. Bulon siminti yana da rami a ciki, in yashi ya yi masa yawa kuma sai ya marmashe da zarar an huda shi, don haka gwanin mai haɗawa kan ƙwanƙwasa bango ya saurara, ya nemi ginshiƙi ko kankaren saman taga, sannan ya huda ya sa noti mai buɗewa a cikin rami. Ƙusar kankare da wasu ke bugawa don sauri ba ta riƙe ƙarfen da ke ɗauke da kwandon na dogon lokaci. Ginin ƙasa kuwa, wanda har yanzu yake da yawa a ƙauyukan Kusada, bai dace da wannan nauyi ba ko an yi masa shafen siminti, gara a kafa turken ƙarfe a tsakar gida a zuba masa kankare.

Ko a bango ko a tsakar gida, wajibi ne ƙarfen ya miƙe sak kafin a fara neman sigina, a kuma kauce wa inuwar darbejiya da bakin kwanon rufi, sannan a lanƙwasa waya ƙasa kafin ta shiga ɗaki don kada ruwan sama ya bi ta ya jiƙa bango.