Allurar Yau, Tatsar Gobe: Me Muke Sha A Cikin Nono?

A ranar kasuwa, duk wanda ya leƙa kara zai ga masu tebur sun baje kwalaben maganin dabbobi a tsakar rana. Makiyayi ya zo ya nuna kwalba da yatsa, a ba shi, babu takardar likita, babu tambayar nauyin saniyar. Da yamma ya tsira mata allura, da asuba a tatse ta, kafin azahar nonon yana cikin ƙwarya a bakin tasha ana dama wa mutane fura. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare, har ba wanda yake ganin aibinta.

Abin takaicin shi ne, nononmu na da wata daraja da Turawa ke biyan kuɗi masu yawa su samu. A Turai da Amurka, madara kashi biyu ce: ta shanun da aka fi ciyar da su hatsi a manyan gonaki, da wadda suke kira oganik, ta shanun da doka ta tilasta a fita da su kiwo. A Amurka sai saniya ta yi aƙalla kwana 120 a shekara tana cin ciyawa a fili kafin a ba madararta wannan suna. A 2016, masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Newcastle ta Ingila sun tattara bincike masu yawa, suka gano madarar oganik ta fi ɗayar kitsen omega-3 da kusan kashi 50 cikin 100, amma ɗayar ta fi ta sinadarin aidin. Sirrin dai ciyawa ce. Matan Fulani ma sun san man shanun damina ya fi na rani launi da ƙamshi, lokacin da shanu suka koma kan dusa da harawa.

Ke nan Bunaji da Rahaji da Bokolonmu, masu yawo a daji, sun riga sun samu rabin abin. Sauran rabin ne muke ɓatawa da hannunmu.

Maganin da ake kira teramaisin, da danginsa na kashe ƙwayoyin cuta, ba a jikin saniya kaɗai yake tsayawa ba, yana sauka cikin hantsa. Shi ya sa kamfanoni ke rubuta a jikin kwalba kwanakin da za a jira kafin a sha madarar. Wasu kwalaben ma, musamman masu dogon aiki a jiki, an rubuta ƙarara cewa kada a yi wa saniyar da ake tatsa. Wa ke karantawa? Mai sayarwa bai karanta ba, balle mai saye. A dokar oganik ta Tarayyar Turai, ninka kwanakin jiran nan ake yi. Mu kuwa ko yini guda muna ganin asara ce.

Kada wani ya ce ai ana tafasawa. Tafasa madara wajibi ne, tana kashe ƙwayoyin tarin fuka da na bakkale, amma ba ta kawar da maganin gaba ɗaya. Wani lokaci nonon da kansa yake tona asiri: a zuba masa iri ya ƙi yin barci, ya tsinke, saboda maganin ya kashe ƙwayoyin da ke mayar da madara kindirmo. Sai a ce sammu ne ko kambun baka! Shan maganin kaɗan-kaɗan kullum kuwa yana sa ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da yaro ya kwanta da gaske a ba shi a asibiti ya ƙi aiki.

Akwai kuma dusa ko angurya da ta yi funfuna, wadda gubarta ke ratsawa zuwa madara, ita ma wuta ba ta kashe ta. A zubar da irin wannan dusa ko angurya.

Makiyayi, idan saniyarka ba ta da lafiya, nemi malamin dabbobi. Idan an yi mata allura, ɗaura mata ƙyalle a ƙaho don mai tatsa ta gane ta, a ware madararta har kwanakin su cika. Kai kuma mai teburin magani, ka ji tsoron Allah, ka karanta wa wanda bai iya karatu ba abin da ke jikin kwalbar kafin ka karɓi kuɗinsa.