Me ya sa manhaja ke daina aiki a tsohuwar waya?

Sau da yawa labarai kan ce WhatsApp zai daina aiki a wasu wayoyi, kuma tushen lamarin shi ne babbar manhaja, wato shirin da ke tafiyar da waya gaba ɗayanta, kamar Android na kamfanin Google ko iOS na Apple. Kowace shekara ana fitar da sabon samfurinta mai lamba, sannan masu ƙera ƙananan manhajoji su kafa mafi ƙarancin lambar da za su yi aiki da ita, saboda kula da tsofaffin samfura yana cin kuɗi, kuma kafofin tsaronsu ba a ƙara toshe su.

A watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya yi watsi da duk Android da ke ƙasa da 5.0, wanda ya fito a 2014, a 2025 kuma ya buƙaci iOS 15.1, abin da ya bar iPhone 5s da iPhone 6 a baya, tunda sun tsaya a iOS 12.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu sayen wayoyin hannu na biyu a kasuwanni irin Farm Centre ta Kano, inda waya kan yi kyau a ido alhali kamfaninta ya daina sabunta ta tuntuni. Ya kamata mai saye ya buɗe sashen saiti, ya duba bayanin waya kafin ya biya. Idan akwai sabuntawa, saukar da ita kan magance matsalar, amma ɗauko manhaja daga shafukan da ba a sani ba hanya ce ta shigar da ɓarayin bayanai cikin waya.