Injin kwale-kwale mai bugu huɗu: abin da ake faɗa da abin da ke cikin ƙarfen

A Deule ba mu da kogi. Ƙasar Adar ce, tudu da jan dutse, ruwan da muka saba gani shi ne na ƙorama, ya zo da gudu da damina ya wuce kafin a gama kallonsa. Duk da haka zancen injin jirgin ruwa ya iso majalisarmu, don yaranmu ba sa zama wuri guda. Wani yana su a tabkin Tabalak, kan hanyar Tawa zuwa Abalak, wani ya bi masunta zuwa madatsar Goronyo a jihar Sakkwato, wasu sun dangana har Yawuri. Bayan cinikin albasa, ɗan ƙanwata ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, na tara ɗan abin da na tara, inji nake so in sa wa kwale-kwalena. Wasu sun ce mai bugu huɗu ya fi, wasu sun ce kada in kuskura." Na sa ya zayyano mini duk abin da ya jiyo. Akwai gaskiya a ciki, akwai ƙarya tsagwaronta, akwai kuma rabin gaskiya, wadda ita ce ta fi cin kuɗin mutane.

Bambancin mai bugu huɗu da mai bugu biyu ba baƙo ba ne a wurinmu. Ƙaramin janaretan nan Tiger da ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur, mai hayaƙi da ƙara, shi ne mai bugu biyu. Injin ban ruwan albasa na fadamar Tarka da Majiya, da baburan kabu-kabu na yanzu, su ne masu bugu huɗu, waɗanda bakanikanmu ke kira kat-tan. Fistin ya sauka ya shaƙi iska da fetur, ya hau ya matse su, wuta ta kama ta tunkuɗa shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Wani Bajamushe, Nikolaus Otto, shi ya daidaita wannan tsari a 1876, kamfanin Honda kuma ya fito da injin jirginsa na farko mai bugu huɗu a 1964. Ke nan wanda ya ce maka sabon abu ne da ba a gwada ba, bai san tarihinsa ba.

Maganar farko da yaron ya kawo ita ce wai mai bugu huɗu ba ya buƙatar baƙin mai. Na ce masa ya tofar da wannan tun kafin ta kashe masa inji. Abin da ke gaskiya shi ne ba a gauraya masa mai da fetur. Man nasa yana da mazauninsa daban a cikin injin, da sandar awo da ake zarowa a duba. Sabon inji kuwa a bushe yake fitowa daga kwali, babu ɗigon mai a cikinsa. Wanda ɗoki ya kwashe ya ja igiya bai zuba ba, cikin ƴan mintoci fistin zai cije. Ana yin juyen mai na farko bayan awa 20 na aiki, daga nan duk awa 100, da mai irin 10W-30 ko 10W-40. Masunci ba ya riƙe agogo a cikin ruwa, amma idan yana aiki awa uku a rana, ya san wata guda da ƴan kwanaki ya cika awa ɗari. Akwai kuma man giya a ƙasa kusa da farfela, wanda mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Idan aka kwance ƙusarsa aka ga ya koma fari kamar nono, ruwa ya shiga. Sau da yawa zaren taru ko na mamari ne ya naɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwan.

Daga wannan mazaunin mai ne wata matsalar ke tasowa, wadda ba a cika faɗa wa mai saye ba. Mai bugu biyu ko ta wane gefe ka kwantar da shi bai damu ba. Mai bugu huɗu yana da gefen da aka yarda a kwantar, kuma an zana shi a jikin injin. Na taɓa ganin wani a tasha an ɗaure shi a saman mota tsakanin buhunan albasa, kansa a ƙasa farfela a sama. Irin wannan tafiya, mai yana gangarawa ya cika tukunyar fistin. In an iso bakin ruwa sai igiya ta ƙi jawuwa, ko injin ya tashi yana aman farin hayaƙi, sai a ce ɗan kasuwa ya sayar da ruɓaɓɓe, alhali a hanya aka cuce shi. Wasu ƙananan Yamaha da Suzuki na baya-bayan nan an yi su yadda za a iya kwantarwa ta gefe uku, amma kai a ƙasa babu wanda ya yarda da shi.

Sai batun ƙarfi. An gaya masa mai bugu huɗu rago ne. Doki 15 doki 15 ne, ko na wane iri. Abin da masunta ke ji a jikinsu shi ne saurin zabura: mai bugu biyu yana kama wuta a kowane juyi, ɗayan sai juyi biyu, don haka na farkon ya fi fizga a tashin farko. Inda maganarsu ta fi ƙarfi shi ne nauyi. Yamaha mai bugu biyu na doki 15 wajen kilo 36 ne, takwaransa mai bugu huɗu kuwa wajen kilo 50. A siririn kwale-kwalen katako, wannan ƙarin yana danne baya har ruwa ya riƙa leƙowa, ga shi kuma mutum zai saɓa shi a kafaɗa safe da yamma saboda tsoron ɓarayi. Ga jirgin mutum biyu da taru a ruwan da ba ya gudu, doki 4 zuwa 6 ya wadatar. Jirgi mai nauyi yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yarda da shi, ƙarin doki bayan nan fetur kawai yake sha yana tada igiyar ruwa.

Cewa ya fi tattalin fetur kuwa, wannan gaskiya ce ba gauraye. Mai bugu biyu irin na kafireto yana buɗe ƙofar shiga da ta fita kusan lokaci guda, har wajen kashi ɗaya cikin huɗu na fetur ɗin kan fice ta hayaƙi bai ƙone ba, musamman a tafiyar sannu, wadda ita ce tafiyar mai shimfiɗa taru. Ga kuɗin man gauraye: a ma'aunin 50 da 1, jarkar lita 25 tana cin rabin lita. Da can da fetur ɗin Najeriya ke shigowa da arha ta Illela da Kwanni, ba a damu da wannan lissafi ba. Tun da aka cire tallafi a can ranar 29 ga Mayun 2023, kowace lita ta zama abin ƙirgawa. Abin da ya fi damuna shi ne inda wannan fetur da man ke zuwa. Tabalak tabki ne rufaffe, an sa shi cikin jerin dausayin Ramsar na duniya a 2005, ruwansa ba ya gudu zuwa ko'ina. Abin da injin ya tofar nan zai zauna, tare da tarwaɗa da karfasa, a ruwan da shanu ke sha kuma ake ba lambu.

Wannan hayaƙin ne ya sa Amurka ta kafa dokokin da suka fara aiki daga 1998, Turai ma ta bi, har sababbin masu bugu biyu na kafireto suka ɓace a kasuwanninsu. Daga nan jita-jitar ta samo tushe, wai an daina ƙera su, kayan gyaransu za su ƙare. Ba haka ba ne. Yamaha na ci gaba da ƙera mai bugu biyunsa Enduro domin Afirka da Asiya, kuma a bakin Kwara da tafkin Chadi shi bakanike ya fi sani, yana iya wargaza shi a kan tabarma ya mayar kafin la'asar. A nan ne na tsaya wa yaron da gaske. Mai bugu huɗu yana da bawul, da bel ko sarƙar lokaci, da famfon mai a manyansa, duk abubuwan da ke son hannun da ya iya. Inji mai kyau da za a jira wata biyu kafin a kawo masa ƴar roba daga Legas ko Kwatano, ya fi tsohon da ake gyarawa yau-yau cutar da mai iyali. Na ce ya fara zagaya kasuwar da ta fi kusa da inda yake su, ya tambayi buji, da robar famfon ruwa, da farfela, da kayan kafireto na irin wanda yake so. In an ɗauko masa su daga kanta, to ya saya.

Sunan da ke jikin murfi ma ana yi masa kallon da ya wuce kima. Ƙananan injunan Mercury, kamfanin Amurka, Tohatsu na Japan ne ke ƙera su. Na Sin irin su Parsun da Hidea, da yawansu an kwaikwayi tsarin Yamaha, har wasu kayan na shiga juna, sai dai kamannin zane bai sa ƙarfe da roba sun zama ɗaya ba. Ba na cewa a guje su, mai ƙaramin ƙarfi ya san aljihunsa. Abin da nake ƙi shi ne a manna wa na Sin takardar Yamaha a karɓi kuɗin Yamaha. A duba farantin lamba da ke jikin maƙalar injin, a ga ya dace da takardar saye da littafin da ke cikin kwali.

Yanzu ga wadda ta fi kashe injuna a ruwanmu. Mai sayar da na hannu yakan ce bari in tayar maka ka ji muryarsa, ya ja igiya a tsakar shago, babu ruwa. Kada ka yarda, kuma in ka ga ya saba yin haka ka bar masa kayansa. Ruwan tabki ne ke sanyaya injin, kuma abin da ke tura shi sama ƴar farfelar roba ce da ba ta kai tafin hannun yaro ba. Ruwa ne man shafawarta. Ta juya a bushe ko na rabin minti, fukafukanta sun ƙone. A cika ganga da ruwa har ya rufe ƙofofin shan ruwan, a tayar, a ga siririn ruwa yana tsartuwa ta baya ba yankewa. Wannan tsartuwar ita ce abin da masunci zai riƙa waiwaya yana dubawa duk tafiya. Ruwan Adar kuwa jan ruwa ne mai laka da yashi, in rani ya yi nisa tabki ya ja baya, gindin injin cikin taɓo yake tafiya. Yashin yana cinye robar kamar fayil, don haka a canza ta duk shekara, a kuma ajiye wata a jaka. A wannan fanni mai bugu biyu da mai bugu huɗu duk ɗaya ne. Wanda ya fita daban shi ne ƙaramin Honda mai doki 2.3, da iska yake hucewa, ba shi da wannan roba.

Fetur ɗin ruwa-ruwa na kwalba ba duka ne mugu ba, amma ƙura da ɗigon ruwa suna shiga, kuma hudar kafireton ƙaramin mai bugu huɗu kamar ta allura take. A tace da kyalle mai tsabta, in za a ajiye injin fiye da wata a zuƙe abin da ke cikin kafireto.

Da yaron ya tashi tafiya ya tambaye ni wata da aka yi masa dariya a kanta: ko injin ban ruwansa zai iya tura jirgi? Zai iya. A Tailan haka suke yi, su ɗaura wa irin wannan inji, GX160 ko GX200, doguwar sandar ƙarfe mai farfela a ƙarshe, su ratsa ruwan da bai kai gwiwa ba. Da iska yake hucewa, laka ba ta dame shi ba, kuma daga Madawa zuwa Buza da Keita ba garin da za a rasa mai gyara shi. Yana da ƙara, ba ya komawa baya, farfelar kuma a fili take, tana son hankali kusa da mutane da taru. Na ce kafin komai ya je wurin Sarkin ruwa da ma'aikatan gandun daji da ruwa masu ba da takardar su, ya ji ko an yarda da inji a inda yake. Na kuma ce ya ware kuɗin rigar ruwa guda biyu daga cikin kuɗin injin.

Washegari ya kama hanya da igiya a aljihu, zai auno tsayin bayan kwale-kwalen daga baki zuwa ƙasa. In ya tashi wajen santimita 38, inji mai gajeriyar ƙafa zai nema, in ya kai 51, mai doguwa.