Ɗan Haya a Gidan Gara

A dazuzzukan tsibirin Niyu Gini, arewa da Ostireliya, akwai wani aku da tsawonsa bai kai santimita 9 ba, nauyinsa kuwa giram 11 ne da ɗoriya. Duk duniya babu akun da ya kai shi ƙanƙanta. Kore ne shar, fuskarsa ruwan ƙasa, da ɗan shuɗi a tsakar ka. Danginsa kashi shida ne, sun bazu har tsibiran Bismak da na Solomon.

Abin da ya fi ba ni sha'awa game da shi wurin kwanansa ne. Garar can ba ta tsaya ga suri a ƙasa ba, takan ɗaba gidanta a jikin bishiya, wani baƙin dunƙule mai cike da ƙananan hanyoyi. To, nan ɗan akun yake tarewa.

Kowa ya san irin baƙon da kan zo babban gida ya ce a ara masa ɗaki kafin ya samu wuri, damina ta wuce, wata ta zo, yana nan daram, ba kuɗin haya ba na gode. Akun nan ya fi shi ƙarfin hali, don shi ko sallama ba ya yi. Baki yake sawa ya fasa katanga, ya haƙa ɗan lungu, a ƙarshensa ya buɗe ɗaki daidai shi da matarsa. Masu gida sai su fito da gayya. Amma gara ba ta son iska da haske su shigar mata, saboda haka aikin da ke gabanta yaɓe ne: ta bi duk ƙofofin da aka ɓarka ta toshe. Kafin a ankara, an katange wa baƙo sashensa, mai gida da kansa ya yi masa aikin magini kyauta. Daga nan kowa ya kama harkarsa, katanga ɗaya ce tsakani.

Kuma ba banza ya zaɓi gidan ba. Cikinsa akwai ɗumi da laima da ba su cika canzawa ba, abin da ƙwai ke so ke nan. Macen takan saka farare, ba su wuce uku ba.

Wajen ci ma ya saɓa wa 'yan'uwansa. Yayin da manyan aku ke fasa ƙwaya da 'ya'yan itace, shi yana manne da ɓawon bishiya, yana hawa da sauka, wani sa'in kai ƙasa, yana kankarar gansakuka da fumfuna. Yatsunsa dogaye ne, gashin jelarsa kuma mai tauri, da shi yake tokarewa. Ana zaton wannan cimar na cikin abin da ya sa masu kiwon tsuntsaye suka kasa riƙe shi a keji; duk wanda aka kama, ba ya daɗewa yake mutuwa.