Masu Kafa Tanti a Gadon Rafi a Gashaka-Gumti

Gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har ya jingina da iyakar Kamaru, shi ne mafi girma a Najeriya. An mai da shi gandun ƙasa a 1991, kuma a cikinsa tsaunin Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda babu na biyunsa a ƙasar nan. Ba abin mamaki ba ne da samarin birni suke saɓa jaka da tanti su nufi can. Abin mamakin shi ne inda wasunsu suke zaɓar kwana.

In yamma ta yi, ƙafa ta gaji, sai idon baƙo ya faɗa kan gadon rafi: yashi mai laushi, fili a shimfiɗe, ga ruwan alwala da na shayi kusa. Nan take a kafa tanti, a hura wuta, a ɗauki hoton da za a ɗora a Facebook. Wani ma ya ɗaga kai ya ce ai sama garau take, ba hadari. To, wa ya ce masa sai an yi ruwa a kansa rafi yake cika? Ruwan yakan sauka can ƙololuwar tsauni, inda ko cida ba a jiyowa, ya gangaro ta kwazazzabai ya haɗe wuri guda, ya iso da tsakar dare ɗauke da itatuwa da duwatsu. Mai barci a cikin tanti, zif a zuge, ba shi da lokacin laluben takalmi.

Abin haushin, alamar tana nan a fili. Duk wanda ya dubi bishiyoyin gaɓar rafi zai ga busasshiyar ciyawa da ƙirare sun maƙale a rassa, wani lokaci sama da tsayin mutum. Ruwa ne ya ajiye su. Tanti sai a can saman wannan iyaka, a kan tudu, ko da za a sha wahalar saukowa ɗiban ruwa. Idan ruwan ƙorama ya soma juyewa ja, ko aka ji rugugi daga sama, a bar kayan a hau tudu kawai. Haka wajen tsallakawa: in ruwa mai gudu ya wuce gwiwa, a zauna a jira, domin rafin dutse yadda yake saurin cika haka yakan janye. In an shiga, a kwance igiyar jakar da ke ɗaure a ƙugu, don a iya yar da ita in ƙafa ta zame.

Bakin ruwa kuma mashayar namun daji ce. Akwai ɓauna a gandun, akwai dorina a kogin Kam, ita kuwa da dare take fitowa kiwo. Shiga tsakaninta da ruwanta ganganci ne.

Damina a wannan yanki doguwa ce, tun daga wajen Afrilu har Oktoba, shi ya sa masu hankali suke zuwa tsakanin Disamba da Maris. Sai dai a lokacin ciyawa ta bushe, garwashin da aka tafi aka bari yana iya cinye gefen tsauni. A kashe shi da ruwa, a tona a tabbatar. Sanyin sama kuma ba irin na Jalingo ba ne, rigar sanyi da bargo dole ne, silifas kuwa a bar su a gida. Ruwan sha a tafasa.

Ofishin gandun yana garin Serti. A can ake neman izini, a can ake haɗa baƙo da ma'aikacin da ya san kowace ƙorama da halinta. Waya ba ta cika samun sabis a ciki ba, don haka kafin a shiga a faɗa wa na gida ranar fitowa.