Koya wa Yaron Shago Lissafi da Majigin Allon Kwamfuta

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ciniki da yawa a Kantin Kwari da Dawanau ya koma cikin waya, wasu 'yan sari ma littafin bashinsu ya koma kwamfuta. Wahalar tana wajen koyarwa. Yau maigida ya nuna wa yaro yadda ake shigar da bandir goma a lissafi, gobe yaro ya manta, shi kuwa maigida yana Legas wajen fiton kaya.

Dabarar da ke rage wannan ita ce ɗaukar allo, watau na'urar ta naɗi duk abin da ke gudana a fuskarta haɗe da muryar mai bayani, ya zama ɗan majigi. Yaro ya kalla sau goma in ya so, ba mai yi masa tsawa. A kwamfuta mai Windows 10 ko 11, a danna maɓallin Windows da Alt da R gaba ɗaya, amma manhajar da ke buɗe kaɗai take kamawa. Mai son allon duka sai ya nemi OBS Studio, kyauta ce. Wayar iPhone ta samu wannan aiki a 2017, Android 11 kuwa a 2020. A tuna a kunna makirufo, in ba haka ba majigin zai fito kurum ba magana.

To amma jama'a, na'ura ba ta san sirrin kasuwa ba. Kana cikin bayani saƙon banki ya faɗo a saman allo da ragowar kuɗinka, ta ɗauka. Layin uwar kuɗi yana gefen layin farashin sayarwa, ta ɗauka, har da la'adar dillali da sunayen masu cin bashi. Mafi muni shi ne koyar da tura kuɗi ta lambobin nan masu tauraro, domin lambar sirri kan fito ɓaro-ɓaro yayin da ake buga ta. Majigin da ya shiga WhatsApp kuwa ba wuya ya kai shagon maƙwabci, ya san nawa ka saro atamfarka.

Saboda haka a buɗe lissafin gwaji da sunayen ƙarya da farashin ƙarya, a toshe shigowar saƙonni, sannan maigida ya kalli abin da ya ɗauka har ƙarshe kafin ya tura. In manhajar banki ta fito baƙi ƙirin, ba lalacewa ba ce, bankuna da yawa ne suka hana ɗaukarta da gangan.

Kada a yi dogon wa'azi. Aiki ɗaya, minti biyu ko uku: shigar da kaya daban, cire bashi daban. WhatsApp yana matse majigi har ƙananan lambobi su dushe, 3 ta yi kama da 8, don haka a tura shi ta wajen da ake tura takardu.